Percy Girouard: Injiniyan da ya share wa jirgin ƙasa hanyar Kano

Wa'adin Sir Percy Girouard a Arewacin Najeriya bai cika shekara uku ba, amma layin dogon da ya assasa ya sauya akalar kasuwancin yankin baki ɗaya.

An haife shi a birnin Montreal na ƙasar Kanada ranar 26 ga Janairun 1867, kuma mahaifinsa ya kai matsayin alƙali a Kotun Ƙolin ƙasar. Ya kammala kwalejin soja ta Kingston a 1886, ya taɓa aikin shimfiɗa dogo, sannan ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya a 1888.

A Sudan tauraronsa ya fara haskawa. Lokacin da Janar Kitchener ya ɗaura ɗamarar yaƙar daular Mahadi, Girouard ne ya jagoranci shimfiɗa dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad a 1897, ta tsakiyar hamadar da ruwan sha ma sai an yi dakonsa. Ta wannan layi aka riƙa kai sojoji da makamai har Omdurman ta faɗi a 1898. Daga nan ya shugabanci jiragen ƙasan Masar, ya kuma kula da na Afirka ta Kudu a lokacin yaƙin Bowa.

A 1907 aka turo shi ya gaji Lugga. Babban aikin da aka ɗora masa shi ne haɗa Kano da Baro, tashar da ke bakin kogin Kwara, tazarar da ta haura mil 350, domin jiragen ruwa su ƙarasa da kaya bakin teku. Ya tsara aikin bisa tsimin kuɗi, kuma talakawa ne suka ɗauki nauyin wannan araha, domin ta hannun sarakuna aka riƙa tara leburori, da yawansu a kan tilas, suna barin gonakinsu.

Bai ga ƙarshen aikin ba. A 1909 aka mayar da shi Gwamnan yankin da yau ake kira Kenya, inda ya yi murabus a 1912 bayan saɓani da Landan kan tayar da Masai daga ƙasarsu. Dogon ya isa Kano a 1911, an kuma haɗa shi da layin Legas a Minna.

Burin Turawa shi ne auduga domin masaƙun Ingila, sai dai lissafin manoma daban ne. Masaƙan gida sun fi biyan auduga da daraja, ga shi gyaɗa ko ba ta sayu ba ana cin ta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayen ta daga ƙauyuka, kayan da a da sai jakai da raƙuma suka koma tarago, har dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano.

Girouard ya rasu a Landan ranar 26 ga Satumban 1932. Don amfanin masu mulkin mallaka ya zana layin, amma manoma da fataken Arewa ne suka zaɓi abin da jirgin zai ɗauka.