Theodore Roosevelt: Maharbin da Ya Kafa wa Farauta Iyaka

A filinmu na tarihin mashahuran mutane na wannan mako, mun ɗauko muku wani shugaban ƙasar Amurka da ya rasu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Mun zaɓo shi ne saboda kaka ta wuce, lokacin farauta ya kama, kuma duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram ya san yadda ake fita da karnuka da sanduna da bindigogi, a dawo da yamma da ɗan zomo ko gafiya. Wannan bawan Allah maharbi ne na gaske, kuma shi ne ya tsaya kai da fata don kada naman dajin ƙasarsa ya ƙare.

An haifi Theodore Roosevelt ranar 27 ga Oktoba, 1858 a birnin New York, a gidan masu hali. Ya taso da ciwon asma mai tsanani, har wani lokaci ba ya iya barci sai a zaune. Idonsa ma ba ya gani da nisa. An gano haka ne lokacin da aka ba shi bindigarsa ta farko yana ɗan shekara goma sha uku ko kusa da haka, sai ya ga abokansa suna harbin abin da shi bai ma hango ba. Daga nan aka saya masa tabarau. Tun yana yaro yana son tsuntsaye da dabbobi, yana tara su yana rubuta kamanninsu a littafi. Mahaifinsa ya dage masa da motsa jiki har ya yi ƙarfi. Ya gama Jami'ar Harvard a 1880, ya shiga siyasa, aka zaɓe shi ɗan majalisar jihar New York yana da shekara 23.

A watan Satumba na 1883 ya tafi yankin Dakota a yammacin Amurka don ya harbi baunar ƙasar. A dā wannan bauna miliyoyi ce, garke ɗaya yakan rufe fili iya ganinka. Amma da ya je, sai da ya yi kwanaki yana yawo cikin ruwan sama da taɓo kafin ya samu guda ɗaya, domin masu harbi don sayar da fata sun kusa gamawa da ita. Duk da haka wurin ya burge shi, har ya zuba kuɗinsa a kiwon shanu a can.

Ranar 14 ga Fabrairu, 1884 babban rashi ya same shi. Mahaifiyarsa da matarsa Alice suka rasu rana ɗaya a gida ɗaya, kwana biyu bayan matar ta haifa masa 'ya mace. Baƙin ciki ya sa ya bar birni ya koma Dakota. A ƙarshen bazarar wannan shekara ya ɗauki dawakai da guzuri da bindiga, ya yi tafiyar kusan mako bakwai zuwa duwatsun Bighorn don farautar wata dabba da suke kira elk.

Ita elk ba mu da ita a nan. Ta fi kama da gwanki a girma, babban namiji yakan haura kilo 300. Ƙahon namijin yana da rassa kamar bishiya, kuma kowace shekara yakan zubar da shi wani sabo ya fito. Da zafi takan hau can saman duwatsu inda ciyawa take, in ƙanƙara ta sauka ta gangaro kwari. Wajen watan Satumba maza suna yin wani kuka mai kama da busar sarewa don kiran mata, kuma da wannan kukan maharbi yake gane inda suke. Farautarta aiki ne ja. Sai mutum ya bar dokinsa ya hau dutse da ƙafa tun asuba, ya bi sawu, ya lura da inda iska take kaɗawa, domin da zarar ta ji warin mutum ta tsere ke nan. Roosevelt bai kai wasu iya saiti ba saboda idonsa, amma yana da naci da juriya. Ya harbe elk da dama a wannan tafiya, ya kuma ba da labarinta a littafin da ya fitar a 1885.

Shekarun da ya yi a can sun buɗe masa ido. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai elk kusan miliyan goma a Arewacin Amurka, amma zuwa wajen 1900 ba su kai dubu ɗari ba. Wasu don fata ake kashe su, wasu don nama na sayarwa, wasu kuwa haƙora biyu kawai ake cirewa don ado a bar gawar ta ruɓe. Shi kansa ya ɗanɗana sakamakon cin ƙasa fiye da kima: makiyaya sun cika fili da shanu har ciyawa ta ƙare, da mugun sanyin 1886 zuwa 1887 ya zo sai fiye da rabin garkensa ya mutu.

A watan Disamba na 1887, shi da abokinsa George Bird Grinnell suka kafa ƙungiyar maharba mai suna Boone and Crockett. Maharba ne suka zauna suka ɗaura wa kansu doka. Suka haramta wa 'yan ƙungiya haska dabba da wuta cikin dare a harbe ta, da kashe ta idan ta maƙale a ƙanƙara, da harbinta daga cikin jirgi tana iyo a ruwa. Suka kuma matsa wa majalisa lamba har aka yi dokar 1894 mai hukunta ɓarayin namun daji a gandun Yellowstone.

Bayan ya yi gwamnan New York da mataimakin shugaban ƙasa, Roosevelt ya zama shugaban Amurka ranar 14 ga Satumba, 1901 sakamakon kisan Shugaba McKinley. Shekararsa 42 a lokacin. A mulkinsa aka kafa hukumar kula da dazuzzuka a 1905. Ya keɓe gandun daji 150 da mafakar tsuntsaye 51. Jimillar ƙasar da ya sa a ƙarƙashin kariya ta kai eka miliyan 230, wato kusan faɗin Nijeriya baki ɗaya. A 1906 ya sa hannu a dokar kare kayan tarihi, wadda ta shafi har duwatsu masu zane da rubutun mutanen dā, irin zanen shanun da muke taƙama da shi a Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu. A wannan shekarar kuma aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya saboda sulhun da ya yi tsakanin Rasha da Japan. Kwana biyu kafin ya sauka daga mulki a 1909, ya keɓe yankin dutsen Olympus don kare wani jinsin elk wanda har yau ake kira da sunansa.

Shi ma ɗan Adam ne, tara yake bai cika goma ba. Ya furta kalaman raini a kan 'yan asalin Amurka, alhali yawancin filayen da aka keɓe ƙasar kakanninsu ce da aka raba su da ita. Haka nan tafiyar da ya yi Gabashin Afirka daga 1909 zuwa 1910, shi da ɗansa Kermit sun harbe dabbobi 512 da sunan tara wa gidan tarihi kayan nazari, abin da har yanzu ake sukarsa a kai. Ya rasu cikin barci ranar 6 ga Janairu, 1919 yana da shekara 60.

Yau elk sun kai kusan miliyan ɗaya, kuma har yanzu ana farautarsu da bindiga a duwatsu. Sai dai kowa sai ya yanki lasisi, akwai watannin da aka yarda, akwai adadin da ba a wucewa, kuɗin kuma ana mayar da shi wajen kula da daji.

A nan gida, dattawanmu suna ba da labarin barewa da gada da kanki a dazuzzukan da ke tsakaninmu da Bauchi. Mu nawa ne muka taɓa ganin ko ɗaya da idonmu? Mai son gani yanzu sai ya nufi Yankari, wadda aka keɓe tun 1956. Cinna wa daji wuta saboda gafiya, da harbi da cocila cikin dare, da kashe mai ciki, su ne irin abubuwan da suka kusa ƙarar da elk. Muna da sarakunan baka da ƙungiyoyin mafarauta masu faɗa a ji. Idan suka tsayar da lokacin fita da abin da ba a taɓawa, mutane za su bi. Muna roƙon duk ɗalibin da yake da uba ko yaya mafarauci ya kai masa wannan labari idan an tashi, ya kuma kawo mana amsarsa mu liƙa a allon nan mako mai zuwa.