Musa Ɗanƙwairo: Daga kiɗan noma zuwa fadar Sardauna

Kafin muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo ta shiga gidajen rediyo, a bakin gona aka san gidansu. An haife shi wajen 1909 a ƙasar Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yau. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne mai zuga manoma ranar gayya, kuma tun Musa yana ƙarami ya shiga sahun 'yan amshinsa. Daga bisani gidan ya kafu a ƙasar Maradun, ya rungumi kiɗan fada da kotso.

Da uban ya rasu, wan Musa, Abdu Kurna, ya gaji jagoranci, shi kuwa ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimaki. Waɗannan shekaru na tsayuwa bayan wani su suka gina shi. Duk wanda ya saurare shi da kunnen basira zai ji jagora ya ɗauko magana, kafin ya dire 'yan amshi sun cafe, sun ƙarasa, sun maido masa ita kan gindin waƙa. Babu takarda, babu alƙalami. Waƙar tana ajiye ne a kawunan mutanen nan, akasarinsu 'yan'uwa da 'ya'ya, shi ya sa rashin ɗan amshi guda ba ƙaramar asara ba ce.

Siyasa ce ta fito da shi sarari. A Jamhuriya ta Farko ya zama makaɗin Firimiyan Arewa kuma jagoran NPC, Sardauna Ahmadu Bello, ya yi masa Mai Dubun Nasara. Matasan da ke ɗora ta a TikTok yau ba kasafai suke tuna cewa waƙar masu mulki ba ce, an rera ta a zamanin da kotunan En'e ke ɗaure 'yan NEPU. Daɗinta bai goge wannan ba, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye ɓangarensa ba.

Bayan kisan Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966, fadoji suka ci gaba da riƙe shi: Daura ta Muhammadu Bashar, Kano ta Ado Bayero, da Tsafe. Ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ɗauki kotson.