Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) da Sake Fasalin Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Mata, ya bi ta gaban gidan sarki, sannan ya gangara kasuwar Kurmi, to yana tafiya ne a kan tsarin da aka shata fiye da shekara 500 da suka wuce. Wanda ya shata wannan tsari shi ne Sarki Muhammadu Rumfa, sarki na 20 a jerin sarakunan Kano da ya faro daga Bagauda. An fi tunawa da shi wajen ɗaukaka addinin Musulunci da ƙawata sarauta, amma babban abin da ya bari shi ne shawarwarin da ya yanke game da ƙasa da dukiya, wato inda za a kafa kasuwa, da inda fada za ta zauna, da iyakar ganuwa, da kuma waɗanda za su riƙe baitulmali. Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, kuma H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a shekarar 1908.

Asalinsa da Zamanin da Ya Taso

Muhammadu Rumfa ɗan Sarkin Kano Yakubu ne (1452–1463), kuma jikan Sarki Abdullahi Burja (1438–1452). Ya taso a lokacin da Kano take rikiɗa daga garin manoma da maƙera zuwa mahaɗar fatake. A zamanin kakansa ne aka buɗe hanyar ciniki daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro, kuma shi ne aka ce ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. A zamanin mahaifinsa kuwa Fulani malamai suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na ilimin harshen Larabci, gishirin Azbin ya yawaita, Barebari da Larabawa suka riƙa shigowa suna zama.

Gabashin ƙasar Kano yana da muhimmin matsayi a wannan sauyi. Ruwayar baka ta nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin dutsen Dala, daga Gaya suka taso suna neman tama, kuma sunan shugabansu, Kano, shi ne ya bi garin. Haka kuma, Tarihin Kano ya kawo cewa a zamanin Yakubu ne Agalfati, ɗan Sarkin Machina, ya zo Kano, ya zama Sarkin Gaya. Wannan ya nuna cewa tun kafin Rumfa ya hau gadon sarauta, ƙasar Gaya, wadda ta haɗa da yankin Ajingi na yanzu, ta zama ƙofar da mutanen gabas da hajarsu suke bi su shigo birni. Ke nan Rumfa ya gaji birnin da baƙi suka yi wa yawa, dukiya tana shigowa, amma tsohon tsarinsa ya yi masa kaɗan.

Faɗaɗa Ganuwa

Sarki Gijimasu (1095–1134) shi ne ya fara gina ganuwar Kano, ɗansa Tsaraki ya kammala ta. Wannan ganuwa ta farko ta kewaye Dala da unguwannin da ke kusa da ita. Da Rumfa ya ga jama'a ta ƙaru, sai ya fitar da ganuwar waje, musamman ta wajen kudu da gabas. Daga cikin ƙofofin da aka ambata a wannan aiki akwai Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Kansakali.

Ganuwa a wancan zamani ta wuce katangar tsaro kawai. Ita ce take raba birni da ƙauye, ta ƙofofinta ake sanin mai shiga da mai fita, kuma duk filin da ya faɗo cikinta ya shiga ƙarƙashin idon sarki kai tsaye. Wani abin lura shi ne ba gidaje kaɗai aka kewaye ba, an bar fili mai yawa domin noma da kiwo, ta yadda idan abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya, jama'a za su sami abinci, mutanen karkara kuma su sami mafaka. Bayan Rumfa, Sarki Muhammadu Nazaki (1618–1623) ya ƙara faɗaɗa ganuwar a kan wannan manufa. Ko a shekarar 1851, lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ziyarci Kano, ya tarar da babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili.

Gina Sabuwar Fada

Kafin Rumfa, sarakunan Kano suna zaune ne a tsohon gari, kusa da Dala, cikin tsofaffin gidajen sarauta da masu riƙe da al'adun gargajiya. Rumfa ya bar wannan wuri, ya gina sabuwar fada a filin da ya shigar cikin ganuwa, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa. Ruwayar baka ta nuna cewa kafin ya tare a cikinta ya zauna a Gidan Makama, wanda daga baya aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi.

Wannan ƙaura tana da ma'ana ta siyasa. Da sarki ya koma sabon fili, sai fadawa da bayi da malamai da masu neman kusanci da fada suka bi shi, sababbin unguwanni suka tsiro a kewayensa, kuma shi ne mai ba da filin da za a gina su. Ta haka nauyin birni ya karkata daga Dala zuwa kudu, tsofaffin masu faɗa-a-ji kuma tasirinsu ya ragu ba tare da an zare takobi ba.

Kafa Kasuwar Kurmi

Babu aikin Rumfa da ya fi taɓa rayuwar talaka kamar kafa kasuwar Kurmi. Kafin wannan lokaci akwai kasuwar Karabka, wadda ake dangantawa da Dagaci, wani basarake da ya zo daga Barno a zamanin Sarki Dauda (1421–1438), ya zauna a Kano, ya tara dukiya da jama'a. Kasuwar da take hannun wani mai ƙarfi wanda ba sarki ba, barazana ce ga sarauta, domin mai kasuwa shi yake saukar da fatake, shi yake fara jin labarin ƙasashe, kuma shi yake cin moriyar ciniki.

Wurin da Rumfa ya zaɓa kurmi ne a bakin ruwan Jakara, wanda masu addinin gargajiya suke girmamawa tun zamanin da. Da aka sare shi aka mayar da shi kasuwa, sai abubuwa biyu suka tabbata a lokaci guda: ciniki ya dawo tsakiyar birni ƙarƙashin kulawar fada, wurin bautar gargajiya kuma ya zama wurin neman abinci ga kowa da kowa. Sunan Kurmi ne kawai ya rage yana tuna wa mutane abin da wurin yake a da. Abin da ya faru bayan rasuwar Rumfa ya gaskata hangen nesansa, domin a zamanin ɗansa Abdullahi, Dagaci ya yi shirin tawaye lokacin da sarki ya fita yaƙi, sai Madaki Auwa, matar Rumfa kuma mahaifiyar Abdullahi, ta daƙile shirin.

Zuwan Shehu Magili da Tsarin Baitulmali

Wajen shekarar 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, malami ɗan asalin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya iso Kano. Rumfa ya karɓe shi hannu biyu-biyu, ya riƙa neman shawararsa. Tarihin Kano ya kawo cewa bisa umarnin babban malamin da ya zo da Sharifai, wanda masana suke ɗauka Magili ne, Rumfa ya sare itaciyar da ake bauta wa, ya gina masallacin Juma'a da hasumiya. Haka kuma a zamaninsa ne aka fara fita sallar idi a fili na musamman. Zuriyar ɗan Magili, wanda aka fi sani da Sidi Fari, su ne suka zauna a unguwar Sharifai.

Magili ya rubuta wa Rumfa littafi a kan wajiban sarakuna mai suna Tajuddini. Littafin yana da babi takwas, kuma biyu na ƙarshe sun yi bayani ne a kan dukiyar jama'a: ɗaya a kan tara ta ta hanyar halal, ɗaya a kan inda ya kamata a kashe ta. Taƙaitaccen abin da ya koyar shi ne dukiyar baitulmali amana ce a hannun sarki, ba ta halatta a tara ta da zalunci, kuma wajen kashe ta ana gabatar da abin da ya fi zama maslaha ga jama'a.

A aikace, Rumfa ya kafa majalisar mashawarta ta manyan hakimai tara, wadda ake kira Tara-ta-Kano. Bugu da ƙari, ya fara naɗa bābānni a muƙaman gwamnati, irin su Ma'aji da Sarkin Bai da Sarkin Ƙofa, ya kuma ɗora wasu huɗu a kan taskar sarki, ciki har da Turaki. Hikimar wannan a fili take: wanda ba shi da 'ya'yan da zai tara wa gado, kuma ba shi da dangin da za su nemi sarauta, ba shi da majingina sai sarkin da ya naɗa shi. Da wannan dabara dukiyar ƙasa ta fita daga hannun gidajen sarauta masu gasa da juna.

Ɗaya Gefen Mulkinsa

Adalci ga tarihi ya wajabta a ambaci abin da waɗannan ayyuka suka ci. Ganuwa da fada da ƙasa aka gina su, kuma aiki irin wannan a kan wuyan talakawa da bayi yake sauka. Rumfa ya ƙara nisa tsakanin sarki da jama'a ta hanyar kawo kakaki da figini da takalman gashin jimina da dawakin zage. Shi ne kuma aka ce ya fara kulle, ya tara mata masu ɗimbin yawa a fada, waɗanda wasunsu kamo su aka yi daga gidajen iyayensu. Haka nan, a zamaninsa aka yi yaƙi da Katsina na tsawon shekara 11 ba tare da wani ɓangare ya yi rinjaye ba, yaƙin da tushensa bai rasa nasaba da gasar mallakar hanyoyin ciniki ba.

Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Muhammadu Rumfa ya rasu a shekarar 1499, bayan ya yi shekara 37 yana mulki bisa lissafin Tarihin Kano. Ɗansa Abdullahi (1499–1509) ya gaje shi, sannan jikansa Muhammadu Kisoki (1509–1565). Tsarin da ya kafa ya daɗe ƙwarai. Bayan jihadi, sarakunan Fulani sun zauna a Gidan Rumfa, Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846) kuma ya farfaɗo da yawancin sarautu da al'adun fada na zamanin Rumfa. Turawan Ingila da suka ci Kano a shekarar 1903 su ma a kan wannan tsari suka ɗora mulkinsu. An sanya wa Kwalejin Rumfa sunansa, kuma a shekarar 2007 aka shigar da ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, ko da yake gine-gine da ɗibar ƙasa sun cinye sassa da dama na ganuwar.

Tarihin kasuwar Kurmi kuwa ya nuna cewa abin da shawara mai kyau ta gina, shawara marar kyau tana iya rusa shi. A zamanin Sarki Kumbari (1731–1743) an tsananta karɓar haraji a kasuwar har ta kusa mutuwa, Larabawa suka ƙaura zuwa Katsina, talakawa da yawa suka gudu ƙauye.

Kammalawa

A yau hukunci a kan ƙasa ya bar hannun sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na shekarar 1976 ya mayar da kula da kasuwanni da tashoshin mota hannun majalisun ƙananan hukumomi, Dokar Amfani da Ƙasa ta shekarar 1978 kuma ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar fili a karkara. Duk da haka, tambayoyin da Rumfa ya fuskanta su ne suke gaban majalisar ƙaramar hukumar Gaya ko ta Ajingi duk lokacin da za a yanka filaye, ko a tayar da kasuwa, ko a keɓe burtali da makiyaya, ko a tsara kasafin kuɗi. Malamin da zai koyar da tarihin Rumfa yana da damar nuna wa ɗalibansa cewa inda aka ajiye kasuwa ko makarantar garinsu wani ne ya zaɓa, kuma 'ya'ya da jikoki ne suke rayuwa da sakamakon zaɓin.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai biyu da suka sa Rumfa ya faɗaɗa ganuwar Kano, tare da bayanin amfanin filin da aka bari a cikinta.
2. Yi bayanin dangantakar ƙasar Gaya da birnin Kano kafin hawan Rumfa gadon sarauta.
3. Kwatanta matakin Rumfa da na Kumbari game da kasuwar Kurmi.
4. Tambayi dattawan garinku yadda aka zaɓi wurin da kasuwarku take, sannan ka rubuta bayanin a shafi ɗaya.