Malam Abdullahi na Gwandu: Wazirin da Ya Bar Runduna Ya Nufi Gabas

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, in aka ambaci jihadin ƙarni na 19 a ƙasar Hausa, sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi ke fara zuwa baki, sa'an nan na ɗansa Muhammadu Bello. Na ukunsu kuwa, watau Malam Abdullahi ƙanen Shehu, yawancin mutane abin da suka riƙe game da shi bai wuce cewa shi ne Sarkin Gwandu na farko ba. Alhali kuwa sarauta ita ce mafi ƙanƙanta cikin al'amuransa, kuma ita ce abin da ya fi jin tsoro duk tsawon ransa.

An haife shi wajen shekara ta 1766. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga wansa Shehu, ya zama ɗalibinsa kuma abokin tafiyarsa. Ya yi karatu wurin malamai da yawa, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma Shehu ya sha daga gare shi, da Malam Muhammadu ɗan Raji wanda suka ɗauki Sahihul Buhari a wurinsa. Daga baya ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, ya jera malaman nan da abin da ya karanta gaban kowannensu. Wanda ke son sanin littattafan da ake karantawa a ƙasar nan kafin jihadi, can zai fara dubawa.

Tun yana saurayi aka san shi da ƙwarewa a harshen Larabci. Sa'ad da suke yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko wa Shehu da waƙa, yana zarginsa da barin mata su halarci majalisinsa tare da maza. Shehu bai amsa da kansa ba, ya ce Abdullahi ya amsa. Ya mayar da jawabi bisa karin waƙar da aka aiko da amsa-amonta, ya kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi halartar majalisin muni. Masu koyon aruli sun san wuyar wannan, a ɗaure mutum da awon wani da ƙafiyarsa, kuma a ce hujja ta fito sarai.

Da al'amari ya ɓaci tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804, Malam Abdullahi shi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a. Shi ya ja runduna a Tafkin Kwatto cikin Yuni na shekarar, inda aka karya Gobirawa. An harbe shi da kibiya a ƙafa a harin farko da aka kai Alƙalawa. A 1805 ya shugabanci yaƙin da aka ci Birnin Kebbi.

A nan ne fa abin da zai dame shi har mutuwarsa ya fara bayyana. Nasara ta jawo mutane iri iri cikin rundunar, waɗanda ba su zauna gaban Shehu a Ɗagel ba, ba su kuma san abin da aka fito dominsa ba. Dab da yaƙin Alwasa a ƙarshen 1805, mayaƙa suka faɗa wa garin Kwalde suka washe shi, alhali mutanensa suna cikin amana. Shi da Bello suka tsaya hana su, saura kaɗan mayaƙan su juyo kansu. Abin da ya biyo baya a Alwasa mummunan kashi ne, aka yi asarar mutane masu yawa. Ga Malam Abdullahi, wannan ba kuskuren dabarar yaƙi ba ne, sakamakon saɓo ne. Ya duba ya ga malamai da mahaddatan da aka faro tafiya da su yawanci sun yi shahada, a Tsuntsuwa da Alwasa da sauran wurare, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa hankalinsu yana kan muƙami da ganima.

Wajen shekara ta 1807, runduna ta ɗaura niyyar komawa Alƙalawa, shi kuwa zuciyarsa ta riga ta fita. Ya sulale daga sansani da mutum 5 kacal, ya fuskanci gabas da nufin zuwa Makka da Madina, ba da niyyar dawowa ba. Kamar yadda ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati, kwana 3 suka yi cikin daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. A tuna fa wanda ake magana a kansa: wazirin Shehu ne, babban kwamandan yaƙi, mutum na biyu a daular da ke tasowa. Tarihi cike yake da waɗanda suka bar gida don neman mulki. Waɗanda suka gudu daga gare shi bayan ya zo hannu, ana iya ƙirga su da yatsu.

Tafiyar ta kawo shi Kano. Lokacin nan ƙasar ba ta daɗe da fita hannun Sarki Alwali ba, bayan yaƙe-yaƙen da aka gwabza a sassanta, har da gabas inda jama'ar Malam Bakatsine na Utai suka riƙe fagen ta wajen Gaya. Malam Sulaimanu ke riƙe da birni, mutum mai tsoron Allah da gudun duniya, amma manyan gidajen da suka yi yaƙin kowanne yana ganin ƙarfin kansa. Hanyar mahajjata ta wancan zamani daga Kano gabas take yi, ta ƙasar Gaya zuwa Barno, daga nan a doshi Wadai da Darfur. Da ya wuce, da mutanen wannan yanki, su Gaya da Ajingi da Kademi, sun ga wucewarsa kamar ta kowane matafiyi, da kuma ƙasar Hausa ta yi babbar asara. Kanawa suka hana shi tafiya, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tsai da shari'a.

Da fari ya ƙi, domin abin da ya guje wa a yamma shi ya tarar a Kano. Da suka matsa, sai ya zauna ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami. Littafin ya yi bayanin hijira, da naɗin shugaba da mataimakansa da haƙƙin da ke wuyan kowannensu, da hukunce-hukuncen jihadi, da siyasar shari'a, ya rufe da aikin hajji, abin da ya fito dominsa bai samu ba. Wa'azin ya kama mutane, har aka farfasa kayan kiɗa, aka mai da kwarangwal ɗin tambura kwamin zuba wa dawaki abinci. Sarakunan Kano sun daɗe suna komawa ga littafin nan. Akwai kuwa wani dacen tarihi a ciki: a birnin nan ne Shaihu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiharsa kan mulki wajen shekara 300 kafin wannan, kuma Malam Abdullahi ya dogara ƙwarai da maganganun Magili cikin rubuce-rubucensa na siyasa.

Daga Kano ya koma wurin Shehu. Alƙalawa ta faɗi a 1808, shi kuma ya ci gaba da kai yaƙi yamma har ƙetaren Kwara. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba shi yamma, ya ba Bello gabas. Amma komawarsa ba ta sa ya yi shiru ba. Ya ƙi yarda a kira shugaban Musulmi da laƙabin mulki irin na sarakunan da aka kawar, ya ƙi kaɗe-kaɗen fada da tufafin alfarma, ya yi kashedi kada shugabanci ya koma gadon gida. Shehu, wanda ke duban abin da jama'a za su iya ɗauka, ya sassauta cikin waɗansu mas'alolin, ya bayyana haka a Najmul Ikhwani. Wa da ƙane, malami da ɗalibi, suka yi ta mayar wa juna da littattafai, kowa na kawo nassinsa, ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga addini ko ya taɓa mutuncinsa. Masu wa'azin da ke zagin juna a lasifika saboda saɓanin da bai kai wannan ba, ya kamata su nemi littattafan nan su karanta.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1817 da Shehu ya rasu. Malam Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya iske an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar Sakkwato. Ya juya ya tafi Gwandu. Ba za a ce abin bai yi masa zafi ba, gama shi ne babba a shekaru da ilmi, shi ne kuma wazirin Shehu tun Gudu. Duk da haka bai tara runduna ba, alhali yana da mabiya da rabin ƙasa a hannunsa. Bayan 'yan shekaru mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, abin ya yi tsanani, Bello ya taho da mayaƙa ya agaje shi. Da aka ci garin suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Da wannan aka ɗinke ɓarakar da ta isa ta tsaga daular tun tana jaririya.

Sauran ransa ya ba da shi ga karantarwa da rubutu, ya bar yawancin harkar mulki da yaƙi ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu. Babban aikinsa shi ne tafsirin Liya'ut Ta'awili, wanda ya kammala wajen 1816, aka buga shi a Alƙahira cikin mujalladi 4 a 1961, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Da ya ga tafsirin ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, saboda yawan ƙira'o'i da saɓanin mazhabobi da nahawu da balaga da ke ciki, sai ya rubuta musu Kifayatu Lu'afa'is Sudani, ya tsaya kan riwayar Warshu da mazhabar Maliku, watau abin da almajirin ƙasar nan ya tashi da shi a allonsa. Malami na gaske ke nan, wanda ya san inda ɗalibinsa ke tuntuɓe. A nahawu ya bar Albaharul Muhiɗu, baitoci dubbai bisa tafarkin Suyuɗi, a sarfu kuma Alhisnur Rasinu. Har yanzu ana nazarinsu a sassan Larabci na jami'o'in ƙasar nan da zaurukan malamai.

Ya rasu a Gwandu a 1829, a can kabarinsa yake, Allah Ya jiƙansa. Makkan da ya yi niyya bai taɓa taka ta ba. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma ɗan'uwansa Malam Halilu a 1833, sarautar Gwandu ta zauna a zuriyarsa har wa yau.