Claude Ake: Shehun malamin da ya rasu a ƙoƙarin kauce wa karon jirage biyu

Duk ma'aikacin da ya saba bin jirgin safe daga Abuja zuwa Legas ko Fatakwal, ya ɗora ransa ne a kan wata tazara da idonsa ba ya gani: ƙafa 1,000 tsakanin jirginsa da wanda ke sama ko ƙasa da shi, ko kuwa kimanin mil biyar idan suna tafiya a tsayi ɗaya na'urar rada tana lura da su. Ranar 7 ga Nuwamba, 1996, wannan tazara ta tsuke a gabashin Legas, mutum 144 suka riga mu gidan gaskiya. A cikinsu akwai Farfesa Claude Ake, ɗaya daga cikin manyan masana kimiyyar siyasa da nahiyar Afirka ta haifa.

An haifi Ake ranar 18 ga Fabrairu, 1939, a garin Omoku da ke Jihar Ribas ta yanzu. Ya yi sakandare a King's College ta Legas, ya karanta tattalin arziki a Ibadan, sannan ya wuce Jami'ar Columbia ta Amurka, inda ya sami digirin digirgir a 1966. Ya koyar a can, ya koyar a Kanada da Nairobi da Darussalam ta Tanzaniya, a zamanin da jami'ar wannan birni ta zama dandalin muhawarar masana a kan makomar Afirka. A ƙarshen shekarun 1970 ya dawo gida, ya shugabanci tsangayar kimiyyar zamantakewa a Jami'ar Fatakwal tun tana jaririya. Ya kuma shugabanci CODESRIA, majalisar masu binciken zamantakewa ta Afirka mai hedikwata a Dakar, sannan a 1991 ya kafa cibiyar bincikensa mai zaman kanta a Fatakwal.

Abin da ya ɗaga sunansa shi ne bai yi wa gwamnatocin Afirka kara ba. A littafinsa Democracy and Development in Africa, wanda ya fito a shekarar da ya rasu, ya kafa hujjar cewa kuskure ne a ce shirin raya ƙasa ya gaza a nahiyar, domin tun farko ba shi ne a gaban shugabanni ba; kokawar riƙe mulki ta cinye musu lokaci da dukiya, hukumomi kuma suka zama kwanko. Magana ce mai ɗaci ga duk wanda ya taɓa zama a bayan teburin ma'aikatar gwamnati, amma da wuya a ture ta. Shi kansa bai tsaya ga alƙalami ba. Da gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995, sai ya ajiye kujerarsa a kwamitin nazarin muhallin Neja Delta wanda kamfanin Shell ya ɗauki nauyi.

Saura kwana uku a cika shekara da wannan kisa ya shiga jirgin kamfanin ADC mai lamba 086, ƙirar Boeing 727, daga Fatakwal zuwa Legas. A lokacin yana koyarwa na wucin gadi a Jami'ar Yale. Jirgin na tafiya a tsayin ƙafa 24,000. Da matuƙa suka nemi izinin fara saukowa, an ɗan jinkirta musu domin wani ƙaramin jirgi ya wuce ta ƙarƙashinsu. Can kuma wani Boeing 727 na kamfanin Triax ya tashi daga Legas ya nufi Inugu, yana tsayin ƙafa 16,000. Umarnin da jami'in rada ya bayar sai ya karkata jirgin ADC wajen hanyar wancan, suna fuskantar juna. Na'urar gargaɗin karo ta yi kuka, kyaftin ya karɓi tuƙi daga hannun mataimakinsa, ya murɗa jirgin don ya kauce. Kaucewar ta wuce kima. Fikafikan suka jirkice har suka haura digiri 80, hancin jirgin ya dubi ƙasa, cikin ƙasa da minti guda ya faɗa ruwan da ke kusa da Ejirin. Jiragen biyu ba su taɓa juna ba. Masu bincike sun ɗora babban dalili a kan rashin tsabtar rarraba jirage daga ɓangaren jami'in rada, sannan suka biyo da kuskuren hukuncin matuƙi.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta game da wannan na'ura da matuƙa ke kira TCAS. Tana tambayar jiragen da ke kewaye tsayinsu, tana auna nisansu, tana lissafa daƙiƙoƙin da suka rage kafin haɗuwa. Da farko tana jan hankali ne kawai. Idan haɗarin ya matso, sai ta ce wa jirgi ɗaya ya hau, ɗayan ya sauka, kuma idan dukansu suna ɗauke da ita sukan daidaita a tsakaninsu. Ba ta cewa a juya dama ko hagu. Abin da take nema motsi ne mai laushi na 'yan ɗaruruwan ƙafafu, wanda mai shan shayi a kujerarsa ba lalle ya lura ba. Garkuwa ce ta ƙarshe, an yi ta ne don ranar da tsarin ƙasa ya yi tuntuɓe.

Wancan mako bai yi wa sufurin sama daɗi ba. Kwana biyar bayan Ejirin, jirgin Saudiyya da na Kazakistan suka yi karo kusa da Delhi, mutum 349 suka halaka, abin da ya sa Indiya ta wajabta na'urar. A 2002 kuma, a Überlingen ta Jamus, wani jirgi ya bi umarnin jami'in ƙasa, ɗayan ya bi na'ura, suka haɗu, aka rasa mutum 71. Daga nan aka ƙarfafa ƙa'idar cewa idan umarnin biyu suka saɓa, na'ura ake bi.

A gida, sai a 1999 aka yi dokar kafa NAMA, hukumar da ke kula da sararin samaniya ita kaɗai, kuma sai a watan Oktoba na 2010 aka ƙaddamar da shirin rada mai game ƙasar a filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja, shekara 14 bayan hatsarin. Wanda ya karanta Ake ba zai yi mamakin tsawon wannan jira ba.

Ya rasu yana da shekara 57. Littafinsa na ƙarshe, a kan yiwuwar dimokuraɗiyya a Afirka, ya fito a 2000. Tun 2003 Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin take da kujerar farfesa mai ziyara da sunansa, wadda ake bai wa masana daga jami'o'in Afirka.