Abubakar Imam: Marubucin da ya nema wa adabin Hausa kasuwa

Sunayen ayyuka biyu da aka fi tunawa da Alhaji Abubakar Imam a kansu duka suna ɗauke da zancen kuɗi: littafin Magana Jari Ce da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Rayuwarsa kuwa ta tafi ne wajen warware matsalar da har yau take damun marubutan Hausa, wato wanda zai sayi abin da suka rubuta.

An haifi Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya koyar a makarantar Midil ta garin. A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Littattafai biyar suka fito daga gasar, ciki har da Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A lokacin masu karatun boko ƙalilan ne, malamai kuma sun ɗauki alƙalami a matsayin kayan hidimar addini da ilimi. Saboda haka gwamnati ce mai bugawa, makarantunta ne manyan masu saye. A cikin wannan tsari Imam ya je Zariya a 1936, ya rubuta Magana Jari Ce mai juzu'i uku, inda ya ɗebo hikayoyi daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu rigar Hausa. An yi littafin ne domin aji, amma gwanintar harshensa ta fitar da shi zuwa zauruka da rumfunan kasuwa, inda mai karatu ɗaya kan karanta wa jama'a.

A watan Janairun 1939 ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. A nan ya fuskanci mai saye ido da ido, domin sai rubutu ya gamsar da mutum kafin ya ciro kwabonsa. Ya riƙe wannan aiki fiye da shekara goma.

Tallafin gwamnati dai bai hana asara ba. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Hukumar NORLA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950 domin wadata ɗaliban yaƙi da jahilci da abin karantawa, ta rushe a 1959 saboda matsalar kuɗi da ta rarraba littattafai. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC tare da Macmillan, wanda ya ci gaba da buga littattafan Imam, jarrabawar makarantu kuma ta riƙe musu kasuwa.

Imam ya rasu a 1981. Kafin ƙarshen shekarun 1980 matasan marubuta a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ’yan kasuwa na kai su har Gombe da Sakkwato da Maraɗi. Wasu masana sun kushe wannan adabin kasuwar Kano da cewa neman riba ya rinjayi inganci. Sai dai masu sayen nan jikokin waɗanda rubutun Imam ya koya wa karatu domin nishaɗi ne, kuma har gobe da littattafansa ake auna sababbin marubuta.