Sarki Dikko da Kotun Alƙali: Katsina Ɗaya, Tsarin Shari'a Biyu

Duk lokacin da aka ambaci Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, abin da kan fara zuwa bakin mutane shi ne wasan folo, da aikin Hajjin da ya yi a 1921, da ziyararsa Ingila. Ni kuwa a ganina, gadonsa mafi nauyi yana zauren shari'a.

An haife shi a 1865 a gidan Sulluɓawa. Yana riƙe da sarautar Durɓi lokacin da Turawa suka tuɓe Sarki Yero a 1906, suka ɗora shi bisa goyon bayan jami'insu Palmer, aka kawo ƙarshen mulkin Dallazawa. Wanda ya hau gadon sarauta ta irin wannan hanya, ba a sa ran ya yi wa Bature gardama, kuma bai cika yi ba. Abin da ya yi shi ne amfani da damar da tsarin Ingilishi ya bari.

Ingilishi bai rushe kotun alƙali ba. Ya hana yanke hannu da makamantansa, ya kasa kotuna daraja-daraja, ya sa Razdan ya riƙa duba littattafansu. Majalisar sarki tana iya yanke hukuncin kisa, amma sai Gwamna ya sa hannu. A zamanin Dikko aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka kai alƙalai can, aka yanka musu albashi daga baitulmali, kuɗin tara kuma ya koma taska. Manomin Karofi da rigimar gado ta taso masa sai ya samu alƙali a gundumarsa mai hukunci da mazhabar Malikiyya, kuma akwai birni a gaba idan bai gamsu ba.

Mu leƙa Maraɗi, inda jinin sarakunan Katsina na dauri suka zauna bayan jihadi. Can Faransa ta ɗora kwamandanta a kan babbar kotun yanki, malami ya zama mai ba da shawara kawai, kuma a 1946 dokar laifuka ta Faransa ta hau kan kowa. Harshe ɗaya, mazhaba ɗaya, amma har yau lauyan Katsina baƙo ne a kotun Maraɗi.

Sai dai tsarin Dikko yana da mugun rauni: sarkin da ke naɗa alƙali shi ke da 'yan doka, shi ke da gidan yari, shi ne kuma maƙurar ƙara. Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, kafin raunin ya bayyana sosai. 'Yan NEPU ne suka ɗanɗana shi a shekarun 1950, lokacin da aka riƙa gurfanar da 'yan adawa a gaban alƙalan En'e. Gyaran bai zo ba sai a 1967 zuwa 1968, da gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta karɓe alƙalai daga hannun En'e. Gwamnan Arewa da aka fara wannan aiki a ƙarƙashinsa shi ne Hassan Usman Katsina, jikan Dikko.